Fasinja Ashirin a Wata

Ƙishirwar jirgi ce ta kafa garin. A zamanin da jiragen ƙasa ke cin gawayi, sai sun sha ruwa kafin su ƙarasa birni, shi ya sa kamfani ya haƙa rijiya a tsakiyar daji, ya kafa tanki, ya ajiye mutum ɗaya ya kula da shi. Mutumin ya yi aure, mai shayi ya biyo shi, tela ya biyo mai shayi, kafin shekara talatin an kai mutum dubu. Ɗan wannan mutumin shi ne Mai Tuta, wanda ya shekara arba'in yana tsayar da jirgi da jar tuta, yana sallamarsa da koriya, amma ko sau ɗaya bai taɓa shiga cikinsa ba.

Sai aka kawo injuna masu shan mai, waɗanda ba ruwansu da rijiyar kowa. Gari ya rame, ya dawo mutum ɗari huɗu. Ran nan takarda ta zo daga kamfani: duk tashar da ba ta ɗora fasinja ashirin a wata za a rufe ta. Wanda ya rubuta ta, Allah ya shirye shi, masu shiga kawai ya ce a ƙirga, bai ce uffan a kan masu sauka ba.

Hankalin Mai Tuta ya tashi, don a ganinsa ran da jirgi ya daina tsayawa, ran nan garin ubansa ya mutu. Ya naɗe tutocinsa a hammata, ya shiga bin mutane gida-gida.

"Haba tela," in ji shi, "kekenka kullum kuka yake kamar mai ciwon haƙori. A birni akwai masu gyara. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

"Baba, kai ka taɓa zuwa ne?"

"Ni wa zan bar wa tuta? Je ka dai, kwana biyu ka dawo."

Tela ya tafi, ya tarar da wuta da famfo da masu kawo ɗinki, ya aiko a turo masa iyalinsa. Mai Tuta ya rubuta mutum shida, ya yi hamdala. Haka ya zuga wanzami, ya zuga maƙeri, ya shaida wa samari cewa a can aiki ne ke neman mutum. Ƙarya yake shararawa iya ƙarfinsa, abin haushi kuma sai ta riƙa zama gaskiya. Ko 'yarsa tilo da mijinta shi ya ɗora musu kaya da hannunsa. Kamfani ya aiko masa da takardar yabo, ya liƙa ta a bangon ofis, kusa da agogo.

Cikin shekara uku aka rufe makaranta, awaki suka gaji azuzuwa. Mutum sittin da bakwai suka rage, yawancinsu ba sa iya hawa matakalar jirgi sai an tallafa musu. Duk da haka tasha na nan a buɗe, shi kuwa yana ganin ya ceci gari.

A ranar ƙarshe ta wani wata, jirgi ya tsaya, Mai Tuta ya ƙirga fasinjojin watan ya sake ƙirgawa, sha tara ne. Yana ta waige-waige sai ga matarsa tafe da akwati a ka, tukunyarta babba a hannu.

"Malam, rubuta ni, ashirin ɗinka ta cika. Zan je in ga jikokina, kwana biyu in dawo."

"Kwana biyu da tukunya?"

"Kai ka san irin kwana biyun garin nan, ai kai ka koya mana."

Ta shiga ta zauna a gefen taga. Tsoro ya kama shi, irin wanda takardar kamfani ba ta taɓa sa masa ba. Jar tuta na hannunsa a ɗage, kuma muddin bai sauke ta ba, jirgin nan ba inda za shi. Direba ya busa sau ɗaya, ya busa sau biyu, ya leƙo.

"Baba, lafiya? An cika ko ba a cika ba?"

"An cika," in ji Mai Tuta, ya ɗaga koriya.