Randar Kaka da Na Wanke

Ranar wata Alhamis ce, cikin bazarar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na dawo daga makaranta na tarar da kakana Malam Idi a bayan gida yana tuttular da randa guda ta ruwan inabi cikin rami. Limamin ƙauyenmu yana gefe ya toshe hanci da bakin rawani, maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin danga, Inna mahaifiyata kuwa tana ta korar kaji da zabori kada su sha. Wani irin wari ne ya cika gidan, mai hawa kai, wanda ban taɓa jin irinsa ba. Kaka ya ci gaba da tuttularwa sai da randar ta ƙare tas. Sannan ya miƙe ya ce gobe da safe zai sare inabinsa gaba ɗaya, gindi bakwai ɗin nan, ba zai bar ko ɗaya ba. Ni kuwa mako biyu kafin nan na taɓa randar, kuma ba wanda ya sani.

Inabin nan ya girme ni, ya ma girmi Inna. Tun yana saurayi Kaka ya yi aikin lambu a birni, a gidan wani Balarabe, da zai dawo gida sai mutumin ya sallame shi da 'yan sanduna bakwai na farin inabi da wata ƙaramar kwalba. Mutanen gari sun sha dariya, wai Idi ya je birni ya dawo da kirare. Ya dasa su a lambunmu da ke shan ruwan madatsar Watari, tsakanin albasar wannan da tumatirin wancan, ya yi musu rumfa da gora. Ni dai ban taɓa gane kan aikin ba. Lokacin da ganye ya yi shar, a lokacin yake bi da almakashi ya aske shi ƙwal, ya bar sanduna tsirara. Lokacin da kowa ke tunkuɗa ruwa cikin fangalinsa, shi sai ya toshe nasa, wai inabi ba ya zaƙi sai ya ji ƙishirwa. Mu yara in muna langa ko 'yar gala-gala a bakin lambu, ko ƙwaya ɗaya ba mu isa mu tsinka ba sai ta yi launin zuma.

Rabin abin da aka tsinka ci muke yi da rabon maƙwabta, rabin kuma khal yake yi da shi, wannan ruwa mai tsami da mata ke zuwa nema don kwaɗon latas da azumi, tsofaffi kuma su haɗa da zuma su sha. Da sassafe ake tsinka kafin rana ta taɓa shi. Sai ya ɗaure farin ƙyalle a bakin wata tsohuwar randa da ke lungun ɗakinsa, ya riƙa matse inabin da hannu a kai, ruwan yana tacewa ciki. Ƙarfe ba ya shiga, ludayin duma kaɗai. Daga nan sai a ƙyale ta kwana arba'in. Kullum maganarsa ɗaya ce: “Randar nan ta san aikinta, ku bar ta.”

To ni fa a gidanmu an san ni da tsafta, har Inna kan yi kuri da ni, wai ko tukunyar tuwo na wanke sai mutum ya ga fuskarsa a ciki. Ana gobe za a tsinki inabi, Kaka ya tafi lambu, na shiga share masa ɗaki, na ɗaga ƙyallen randar na leƙa. Kai! Wani abu na gani kwance a ƙasanta cikin ɗan ragowar ruwa, mai yauƙi, mai kauri kamar fatar ganda. Na ce a raina wallahi idon Kaka ya fara rauni, shi ya sa yake ba mutane ƙazanta bai sani ba. Na kwashe shi na watsar a kan juji, na dirje randar da soso da toka har sau uku, na mayar da ƙyallen na ɗaure yadda na same shi. Na yi shiru ina jiran ranar da za a yabe ni.

Yabon da bai zo ba ke nan. Cikin kwanaki kaɗan randar ta fara kumfa tana ƙugi, maimakon ƙamshin tsamin da muka saba sai wancan warin. Kaka da kansa ya kira Liman, Liman ya sansana sau ɗaya ya ce giya ce. Ranar da aka zubar na rasa inda zan sa kaina. Na tambayi Inna yadda inabin da muka ci da bakinmu ya zama haram a cikin randa, ta ce in rufe mata baki. Na ce to ai bara ma randar ce, inabin ne, hannun Kaka ne. Ta ɗaga muciya, na gudu. Kuma ban ga ta yadda za a yi wanki ya ɓata abu ba, ni da aka raina a kan cewa wanki gyara ne. Kaka kuwa ya ɗauka ishara ce aka yi masa, cewa shekara da shekaru yana wasa a bakin haram.

Da safe na bi shi lambu a baya, takalmin makaranta a hannu. Ya sare gindi na farko, ya sare na biyu, ruwa na ɗiga daga kututturen. Yana kai gatari kan na uku na fashe da kuka na ce, “Kaka, ni ce na wanke randar.” Sai da gindin ya faɗi sannan maganar ta shige shi. Ya juyo ya ce, “Kika wanke? Ina abin da ke ciki?” Na ce yana juji. Sai ya zauna daɓas a kan kunya, ya dafe kai, ya ce, “Rabi, uwar khal kika zubar. Ita ce ta zo a kwalbar nan da Balarabe ya ba ni. Ita ke tsare ruwan ya wuce zuwa tsami, kada ya tsaya a giya.” Na ce ai ƙazanta ce, na gan ta da idona. Ya ce, “Ƙazantar ce tsarkinsa.” Wallahi a ranar ya ƙara rikita ni.

Bai doke ni ba, da ma ya doke ni da na fi samun sauƙi. Inna ce ta tuna da wata kwalbar khal ta bara da ta jefa bayan gado saboda ta ga wani yauƙi-yauƙi a ciki. Kaka ya ɗaga ta a rana ya daɗe yana kallo, sannan ya yi hamdala. Daga ɗan yauƙin nan ya sake rainon wata uwar, da shekara ta zagayo aka yi khal. Amma gindi uku ba su sake tohowa ba, kuma har ya rasu akwai giɓi a rumfar, wanda nake kewayewa in zan wuce.

Yanzu ina aure a birni, a unguwar Bacirawa, lambun kuma an raba gado, albasa ake yi a wurin. In azumi ya zo nakan aika a sayo mini khal a kanti, a kwalbar roba, garau kamar ruwan famfo. 'Ya'yana suna yi mini dariya don kullum sai na ɗaga ta a rana na duba ƙasanta kafin in buɗe. Ba na samun komai a ciki, an wanke ta tas, irin wankina.