Baba Moro da Safayar Motar Gawa

"A yanke sarƙar kawai, Masta, kowa ya huta."

"Da me za ka yanke ta, Issah? Da haƙoranka?"

Issah direba ya tsaya riƙe da sandar murɗawa da ƙarti uku suka riga suka lanƙwasa, gumi yana bin wuyan rigarsa. A bayansa makarar Mma Husseina mai koko tana ajiye a inuwar masallaci, an sallace ta tun bayan azahar, ga shi har an idar da la'asar ba a tashi ba. An haƙa kabari tun da safe, mai gadin makabarta kuma da magariba yake rufe ƙofa. Motar masallaci, tsohuwar a-kori-kurar da ke kai mamatan unguwarmu makwancinsu, ta durƙusa a bakin gwata. Wani guntun ƙarfe ne ya yaga tayar baya ta gefe, irin yagar da mai faci ya duba ya girgiza kai ya koma rumfarsa. Safaya tana nan lafiyarta ƙalau, rataye a ƙarƙashin bodin motar, duk wanda ya sunkuya yana ganinta. Amma ɗan injin sarƙar da ke sauke ta ya cije, ko motsi ba ya yi.

Wanda Issah ke kira Masta shi ne Baba Moro bakanike, ko fita kamar yadda muke cewa a nan Nima. Shi na ɗauki alƙalami domin in jinjina wa, tun yana da ransa, tun kunnensa yana iya ji.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, in ya fito daga sallar asuba sai ya biya wajen Mma Husseina ya sha koko a tsaye, ya ce ya yi tsami, ta ce bakinsa ne ya tsufa. Daga nan ya gangara rumfarsa ta kwano da ke bayan babban titi, wajen hanyar Maamobi. Ya share ƙasa, ya shimfiɗa buhu ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba, ya jawo wani kwali da ya yi baƙi ƙirin ya tura ƙarƙashin motar da ta kwana, ya bi bayansa. Da yawa a unguwar nan sun fi sanin tafin ƙafarsa fiye da fuskarsa. Ka zo wucewa ka gaida ƙafafu biyu, wata murya ta amsa daga ƙarƙashin trotro, motar haya ta fasinja, har ta tambaye ka jikin tsohuwa.

Matan Kasuwar Malam Atta suna ba da labarin ranar da motar tumatir ta mutu a Kotobabi cikin ruwan sama, kaya na shirin ruɓewa, ya yanka tsohon takalmin fata ya toshe inda mai ke zuba har motar ta kai kasuwa. Direbobin trotro kuma sun ce ba ya buɗe inji sai ya kara kunnensa ya saurara tukuna, kamar mai jiran a faɗa masa sirri. A shekarun nan da kayan gyara suka ɓace daga shaguna, taya ta zama abin da ake kwana ana mafarkinsa, rabin motocin da ke hawa da sauka a titin Nima da dabarar hannunsa suke tafiya. Ba wanda ya taɓa kiran taro don a gode masa saboda haka.

Amma ƙarfe yana cin mai gyaransa. Bayan Baba Moro ya ƙage, gwiwoyinsa suna ƙara in zai zauna tahiya, idonsa na hagu ya fara yana. Likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri kada ya sake kwanciya a ƙasa ƙarƙashin mota. 'Yarsa da ke aure a unguwar Madina, can gefen gari, ta share masa ɗaki, an tsaida magana ƙarshen wata zai rufe rumfa ya koma can. Shi kansa ya yarda, don ya gaji, gajiyar da barci ba ya ɗaukewa. Ran nan ma ba aiki ya zo ba. Jana'iza ya zo, cikin farar rigarsa ta Salla, don ya raka matar da ta shayar da shi koko rabin rayuwarsa.

An aika tasha neman wata mota, ɗan aiken ya dawo hannu sake. Masu trotro sun ba da haƙuri, sun ce fasinja ba zai sake shiga motar da ta ɗauki gawa ba, sauran kuma suna can layin mai tun jiya. Tasi ba ta cin makara. Liman ya ɗaga kai ya dubi rana, ya sunkuyar. Wani ya fara cewa ko a kai ta asibiti ta kwana a firij, gobe da safe a ƙarasa.

Nan ne Salimatu, 'yar marigayiyar, ta fito daga cikin mata ta tsaya a bakin zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce uwarta ta riƙe mata hannu ta sa ta yi alkawari cewa ba za a sa ta cikin ƙanƙara ba, ranar da ta cika ranar za ta kwanta a ƙasa, yadda aka yi wa iyayenta. Ta faɗi haka ta tsaya tana duban maza, mazan kuma suna duban motar.

Baba Moro ya cire hularsa, ya tuɓe rigar ya ninke ta ya miƙa wa liman. Wani ya kawo masa tabarmar salla ya ƙi, ya ce a samo buhun gawayi. Saukarsa ƙasa ta ɗauki lokaci, gwiwa ɗaya, sannan hannu, sannan ɗaya gwiwar, yana jan numfashi ta haƙora. Da bayansa ya taɓa ƙasa sai da ya runtse ido. Sannan ya ja jiki ya shige, aka bar mu da tafin ƙafafun nan da muka saba gaisarwa.

A ƙarƙashin ya daɗe yana kallo bai taɓa kome ba. Ya san tsatsa iri-iri. Wadda taɓon hanya ke kawowa daga ƙasa take hawowa. Wannan kuwa daga sama ta sauko, ta bi layi ɗaya daga wata 'yar huda da ke ƙasan bodi, ta zauna daram a kan injin sarƙar, ga farin busasshen sabulu a gefenta. Sai ya gane. Duk ranar da motar nan ta kai gawa, washegari Mma Husseina takan zo da bokiti biyu da soso da sabulu ta wanke bodin tas, ta ce bai kamata Musulmi ya kwanta inda ba a tsabtace ba. Ba wanda ya sa ta. Shekara goma sha ɗaya tana yi, ruwan kuma yana bin hudar nan yana ɗiga a wuri ɗaya.

A waje Alhaji Sayibu, shugaban kwamitin masallaci, ya tasa Issah a gaba. Wane irin direba ne wannan da bai taɓa sauke safayarsa ya duba ba? Me ya zuba wa abin har ya ci tsatsa haka? Issah yana rantsuwa shi bai zuba kome ba, mutane sun fara sa baki, Salimatu tana tsaye tana ji.

"Iskar teku ce mai cin ƙarfen garin nan, Alhaji," in ji muryar daga ƙarƙashin mota. "Ku ma tana cin ku, ba ku leƙa ƙarƙashinku ba ne."

Wasu suka rufe baki da hannu, don ba wurin dariya ba ne. Alhaji ya yi gyaran murya ya koma gefe.

Sannan Baba Moro ya fara aiki, ya kuwa saɓa wa duk abin da ƙartin suka yi. Su ƙarfi suka sa, suna danna sandar wajen kwancewa har ta lanƙwashe. Shi ya ce a kawo jak, ba don a ɗaga mota ba, a sa shi ƙarƙashin safayar kanta a ɗan tallafe ta, don nauyinta ya sauka daga kan sarƙar. Ya sa aka tsiyayo man birki a murfin kwalba, aka haɗa da kananzir daga fitilar ladan, ya riƙa ɗiga shi da tsinke a bakin haƙoran injin. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai, garin tsatsa yana zubo masa a fuska da gemu. Ya dakata. Ya sake ɗigawa. Inuwar masallaci ta tsallake gwata ta fara hawa bangon da ke ƙetare, gudumar nan tana ta ƙwanƙwasawa.

Aka miƙe sandar a kan dutse, Issah ya zura ta. Baba Moro ya ce ya murɗa wajen ɗaurewa.

"Masta, saukewa fa muke so."

"Na sani. Abin da ya daɗe a tsaye ba ya son a ja shi baya farat ɗaya. Ɗaure kaɗan, sai in ce maka dawo."

Issah ya ɗaure kaɗan, ya dawo. Ba kome. Ya sake, ya sake. Tsohon ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, idonsa a rufe saboda garin tsatsa. A karo na bakwai ko na takwas wani abu ya ce ƙas, ƙaramin sauti, amma duk wanda ke wurin ya ji shi. Aka sassauta jak. Sarƙar ta fara sauka ƙwaya ɗaya-ɗaya tana kuka, har safayar ta zauna a ƙasa. Liman ya ce alhamdu lillahi can ƙasa-ƙasa.

Aka ɗaura taya, aka ɗora makara. Baba Moro kuwa ya kasa fitowa. Sai da mutum biyu suka kama ƙafafunsa suka jawo shi a kan buhun, suka jingina shi da matakalar masallaci. Motar ta tashi ba da shi ba. Ya zauna nan, fuska ja da tsatsa, rigarsa a ninke a cinya, yana bin ta da kallo har ta sha kwana. Bai raka Mma Husseina ba. Issah ya ce suna zuba ƙasar ƙarshe ana kiran magariba, mai gadi yana tsaye da kwaɗo a hannu.

Na karanta labaran jarumai masu yawa, masu takobi da masu jirgin ruwa, zuciyata ta sha bugawa dominsu. Ba ta taɓa bugawa kamar yadda ta yi a gaban tafin ƙafa biyu masu kaushi a bakin gwatar Nima ba. Baba Moro, kai ne ka ba da bayan da ba ka da shi don 'ya ta cika wa uwarta alkawari. Kai ne ka ga laifi, ka ga mai shi ba ta da bakin kare kanta, ka ɗora shi a kan iska. Mai kunnen jin ƙarfe, mun gode. Allah Ya sassauta maka ƙashin bayanka yadda ka sassauta sarƙar nan. Mu kuma da muke wucewa muna gaida ƙafafu, mu riƙa tsayawa har mai su ya fito mu ga fuskarsa. Kowannenmu akwai wani abu na jama'a da ke rataye a ƙarƙashin kulawarsa, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da aka matsu. A sunkuya a duba shi tun yau.

Washegari da hantsi Baba Moro ya fito da sanda, yana takawa kamar mai tsoron ƙasa, ba koko a kwanar da ya saba tsayawa. A ƙofar masallaci ya tarar da Salimatu ta sulale daga zaman makoki, ga bokitan uwarta biyu, ta riga ta sheƙa na farko a bodin motar. Tayar da ta yage tana jingine a bango, sarƙar tana reto ba kome a kanta. Ta sauko ɗaukar soso sai ta ji ɗigar ruwa. Ta sunkuya. Ta daɗe tana kallon inda ruwan sabulun ke sauka, daidai kan injin sarƙar.

"Baba," ta ce, ba ta ɗago ba, "ashe ba iskar teku ba ce."

Ya tsaya dafe da sandarsa. Ya tuna ɗakin da aka share masa a Madina, da katifa, da maganar likita. Ya dubi bokiti na biyu da ta ja baya da shi kamar abin kunya. Issah da Alhaji Sayibu suna zaune a kan benci, suna dubansa.

"Zuba ruwanki, 'yata, ki wanke yadda take wankewa," in ji shi. "Rumfa kam zan rufe ta, ƙarshen wata ina Madina. Amma duk Juma'a zan shigo trotro in zo. Issah ya kwanta ƙasa, ni in zauna a kujera ina faɗa masa, a sauke safaya a shafa wa injin sarƙar giris a mayar, har ranar da motar nan za ta ɗauke ni."