Wayar tana durowa, rezar tana wuyana

A daina ce min "ai sai ya ajiye wayar". Ya ajiye. Maigidan shagon da hannunsa ya kulle ta, kuma ba abin da ya sauya.

Ƙanina mai aski ne. Tun yana makaranta yake yi wa yaran layinmu aski a ƙofar gida, da wani tsohon inji mai cizon gashi. Da ya samu kujera a shagon bakin titi, sai ya fara ɗaukar bidiyon kowane kai yana sakawa a shafinsa. Mutane suka riƙa zuwa don shi. Layin goshi kamar da rula ya ja.

Wata rana aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, ya ƙarasa da reza, shagon dishi-dishi, layin ya karkace. Mai kan bai ce masa komai ba. Sai da ya je gida ya ɗauki bidiyon kansa, ya saka, ya maƙala shafin ƙanina. Kafin ka ce me, an ɗora kiɗa a kai, an laƙaba masa suna: Karkace.

Tun daga nan yake karanta sharhi. Kowanne. A kan abinci, a banɗaki, tsakanin kai da kai. Ya rame, ya daina fira. Umma ta ce baki ne ya kama shi, Baba ya ce sangarta ce. Masu zuwa aski kuwa sai su zauna a benci su ce maigida suke jira.

Ranar da maigidan ya kira ni, bai ɓoye ba.

"Ko ya aske kai ɗaya lafiya yau, ko in ba wani kujerar. Ni ma iyali gare ni."

Ba wanda ya yarda ya zauna. Na zauna.

Ƙanina ya ɗaura min ƙyalle, ya yi saman da inji lafiya lau. Ya shafa kumfa, ya buɗe sabuwar reza, ya ɗaga haɓata. Sai wayarsa ta fara zuuu a cikin durowar da maigidan ya kulle ta, har mataji na rawa a kan katako.

Wani dattijo a benci ya ce, "Masoyanka ne, Karkace, ba ka ɗauka?"

Aka yi dariya. Rezar ta tsaya a maƙogwarona. A madubi na ga idonsa yana kan durowar.

"Yaya, kar ka motsa."

"Ban motsa ba."

"To ni ne ke nan."

Ya janye hannun a hankali, ya ajiye rezar.

"Ko a kashe take ina jin su," ya ce. "Sun riga sun shiga kaina."

Ya kwance rigar aikin ya rataye, tun kafin maigida ya buɗe baki. Muka fito, rabin gemuna da kumfa. Washegari wani ne a kujerar.

Yanzu yana ganin likita, bayan na yi faɗa da gida kaf kafin a yarda. Reza dai bai sake taɓawa ba.

Ku da kuka tura bidiyon, da ku da kuka gani kuka wuce, ina jiran ku a ƙasan rubutun nan. In akwai irinsa a gidanku, ku faɗa. Ku buɗe baki.