Manoman da Suka Zo Cikin Takardar Ƙulla Gyaɗa

A Makka aka haife ni, a unguwarmu ta 'yan Takari da ke gefen Misfala, kuma har na kai shekara goma sha shida ban taɓa ganin gona ba. Babana sagga ne, wato mai ɗebo ruwa daga bazan, inda ruwan unguwa yake taruwa, ya kai gidaje a garwa biyu rataye a sanda. Kafin nan manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Da ƙafa suka zo shi da Inna, suna tafiya suna tsayawa aikin auduga a Sudan. Ba ya maganar gida sai an tambaye shi.

Inna tana soya gyaɗa tana sayarwa, ni ce mai ƙulla mata a takarda. Duk shekara idan alhazai sun watse, Baba yakan kwaso mana tsofaffin jaridu daga gidajen da yake kai ruwa. 'Yan shekaru bayan yaƙin Turawa na biyu, wani likita Bamisre ya sauka a ɗaya daga cikin gidajen, da zai tafi ya bar tulin mujallu, Baba ya ɗauro su.

Ina cikin yayyaga su sai na ci karo da shafi uku masu launi. Na farko, wata mata ce a ɗakin girki tana fere wani abu a cinya. Na biyu, mutane ne a wata rumfa suna rawa, wani ya kife a kan tebur. Inna ta leƙo ta ce, "Waɗannan 'yan giya ne," ta fizge shi ta cusa a murhu. Na uku shi ne na girbi, shi na ɓoye a ƙarƙashin tabarma har Baba ya dawo da la'asar.

Ya ajiye sandarsa, ya wanke ƙafa, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo. A zanen, maza suna yankan alkama da dogayen laujuna, mata sun sunkuya suna ɗaure dammuna, wasu sun zauna a gindin bishiya suna ci a akushi ɗaya, wani kuma ya miƙe yana barci baki buɗe.

"Zo ki gani," in ji Baba. Ya ɗora yatsa a kan wani mai yanka. "Wannan ya iya aiki. Dubi yadda ya kafa ƙafarsa, zai wuni a haka bai gaji ba. Wannan na bayansa kuwa sabon hannu ne, kafin azahar zai yanke kansa."

Na ce, "Baba, mai barcin fa?"

"Tun asuba ya fito. Ki dubi tafin ƙafarsa. Malalaci ba ya barci haka."

Ranar ce na fara jin yadda ake girbi daga bakinsa. Ya gaya mini yadda ake kwantar da karan gero, da yadda ƙaiƙayi yake shiga wuya, da yadda mata suke kawo fura gona. Inna tana gefe tana juya gyaɗa a kasko, wani lokaci ta gyara masa zance.

Kafin kwana uku labari ya kai ga abokan aikinsa. Suka riƙa zuwa bayan la'asar su zauna a ƙofar sandakarmu, ɗakinmu na langa-langa, takarda tana yawo hannu zuwa hannu. Ni ina daga ciki ina jin su. Gardama ta kaure a kan ko su wane ne mutanen. Wani dattijo da ya yi wa Faransawa dako a Chadi ya rantse ba Turawa ba ne. "Bature ba ya sunkuyawa, ya sheikh. Na zauna da su. Ko hularsa ce ta faɗi sai ya kira wani." Wani ya ce to ai fatarsu ja ce. Dattijon ya ce mutanen Sham ma ja ne.

Aka kira malamin zawiyarmu, don akwai rubutun Larabci a ƙasan zanen. Ya karanta ya ce wani mai zane ne na ƙasar Holanda ya yi shi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma talakawan ƙasarsa ne ya zana. Dattijon ya sake karɓar takardar ya duba, ya ce, "Ashe su ma suna da talakawa. To ina suke ɓoye su?"

Malam bai tashi ba sai da ya yi wa Baba nasiha. Ya ce surar mai rai ba ta dace da ɗakin da ake salla ba, balle a wannan gari. Ko a ƙone ta, ko a shafe fuskokin. Na zaci Baba zai ji zafi, amma sai ya ce, "Tayyib, na ji, Malam." Ya ɗauko wuƙar Inna, ya kankare fuskokin ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Da suka tafi na ce masa ya ɓata zanen. Ya ce shi dama ba fuska yake kallo ba, baya da hannu yake kallo, kuma suna nan.

Wata biyu bayan haka ya ce zai tafi Wadi Fatima, inda wasu mutanenmu suke aikin gona. Inna ta ajiye mara ta dube shi.

"Maigida, da wane ƙarfin? Shekara ashirin rabonka da fartanya."

"Wanda nake ɗaukar ruwa da shi."

"Gidajen naka fa?"

"Na bar wa maƙwabci har na dawo."

Ta tashi ta ɗaure masa gyaɗa da busasshiyar gurasa. Ya bi wani ayarin raƙuma ya tafi. Wata huɗu muna rayuwa da cinikin gyaɗa kaɗai, kuma ba mu ji daɗi ba. Sau biyu kawai ya aiko da saƙon baki cewa yana lafiya.

Ya dawo a rame, ya ƙara baƙi, yana dafe da ƙugu, da rabin buhun gero da kankana biyu. Ya ce noman can ba irin na gida ba ne, ruwan marmaro ake kora wa shuka ta lambatu, ba mai duban sama yana jiran hadari. Amma ya yi yanka, ya ɗaure dami, ya yi barci a gindin dabino. Biyu daga cikin gidajensa sun saba da maƙwabcin, ba su dawo masa ba, bai kuma nemi su dawo ba. Ciwon bayan bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, bai sake zuwa gona ba.

Geron nan Inna ta surfa shi, ni na daka, ta yi fura aka rarraba wa gidajen layinmu. Baba ya sha tasa a ƙofa, ya ce yajin ya yi kaɗan, ya miƙo ƙwarya a ƙara masa.