Harafin da Malam Ya Ƙi Gogewa

Jiya a kasuwar Ƙanƙara na hangi Bafulatanin da muke karatun la'asar tare a zauren Malam, a Mairuwa. Nan take marigayi Malam ya faɗo mini a rai.

Lokacin da 'yan bindiga suka matsa mana, duk mun zargi mutumin da kai musu rahoto. Amma Malam ba ya buɗe littafi sai Bafulatanin ya iso da warin shanunsa. Buzunsa ma yake miƙa masa, shi ya zauna a ƙasa.

Rannan na kasa daurewa. "Allah gafarta Malam, mu fa ba mu yarda da shi ba."

Ya ce, "Wani Bayahude mai haƙa rijiya ya taɓa gaya mini, masu ilimin baɗininsu sun ce kowane mutum harafi ne a littafinsu. In ɗaya ya goge, ba a karanta littafin. Wa zan goge, shi ko kai?"

Na tashi ina zargin Malam ɗin ma. Me ya haɗa shi da Bayahude?

Jiyan ma sai da na waiga kafin na ba Bafulatanin hannu. Allah Ya jiƙan Malam, Ya cire mini abin da karatunsa bai cire ba.