Irin Tukunyar Inna

Akwai wata kwana a hanyata ta zuwa aiki, daf da shiga Salford a nan Ingila, inda iska kan kawo ƙamshin dafaffen tsiro daga wani kamfanin giya. Mutanen da ke cikin bas ko kai ba sa ɗagawa daga wayoyinsu. Ni kuwa duk ranar da ƙamshin nan ya shigo ta taga, sai in ji kamar an ƙwala mini kira daga tsakar gidanmu. Na san ba dawa suke dafawa ba, sha'ir ne, amma hancina bai taɓa yarda da wannan bayani ba. Shekara da shekaru ina daurewa in wuce, sai bana na kasa.

Bari in faɗa maka tun da wuri, kada ka ji a bakin wani ka ce na ɓoye: ni 'yar mai burkutu ce, kuma jikar mai burkutu. Ƙauyenmu yana kudancin Kano. Kakanninmu Maguzawa ne, iyayenmu suka shiga coci, amma tukunyar giya ba ta bar tsakar gida ba. In za a yi gayyar noma, ko biki, ko an yi rashi, gidanmu ake zuwa a ce a jiƙa dawa. Kaka, uwar babanmu, ita ta koya wa Inna tun tana amarya, Inna kuma ta koya mini tun kaina bai kai bakin randa ba.

Aikin kwanaki ne, ba ya son mai gaggawa. A jiƙa jar dawa ta kwana, a tsame, a baza a kan tabarma a inuwa, a rufe da ɗanyen ganye. Safe da yamma ana yayyafa ruwa har ta fito da farin tsiro kamar gemun tsoho. A shanya a rana, a niƙa, a dama, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake ɗorawa a wuta tun hantsi har la'asar. Da damina itace ba ya kamawa, hayaƙi ya cika rumfa, idanunmu su yi ja, Kaka tana zaune a kan turmi tana faɗa da kowa, har da kajin da ke satar tsiro. Inna ba ta shan giya, ko kusa. Ɗan yatsa kawai take tsomawa ta ɗanɗana, ta ɗaga ido sama kamar mai sauraron wani abu daga nesa, sannan ta ce a ƙara wuta ko a janye. Ni na fi son lokacin da aka sauke, ruwan yana da zaƙi bai zama giya ba tukuna, a ɗebo mana a ƙoƙo mu sha mu lashe baki.

Amma duk wannan wahala banza ce in babu iri. Abin da muke kira iri shi ne ɗan kaurin da ke kwanciya a gindin tukunyar da ta riga ta tashi. Shi ake zuba wa sabuwar giya bayan ta huce, washegari ka ga tana kumfa tana tsuwa. Matan ƙauyenmu suna da ƙa'ida a kansa: iri ba a saye, ba a aike, ba a kuma hanawa. Mace da ƙafarta za ta je gidan 'yar'uwarta da ƙoƙo, ta durƙusa ta ce, "Na zo roƙon iri." Ko da gaba suke yi, ko da sun shekara ba sa gaisawa, da zarar ta faɗi haka magana ta ƙare. Na ga matan da suka yi dambe a bakin rijiya sun shirya ta wannan hanya, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Ni ce na ɓata tsakanina da Inna, kuma da bakina. Ina makarantar koyon aikin jinya a birni na shiga wata ƙungiyar addu'a mai zafi, na dawo hutun Kirsimeti ina ganin kaina kamar ni kaɗai za a bari a shiga sama. Na tarar da tsakar gida cike da mutane, Inna tana raba giya da ludayi. Ta ce in karɓe ta, hannunta ya gaji. A gaban kowa na ce mata, "Inna, kina ba ni kunya. Ni na bar wannan ƙazamin aiki." Inna ta ci gaba da rabonta. Da yamma na ga ta ɗauki ƙaramar tukunyar da nake koyo da ita, ta wanke ta, ta kife a bayan rumbu.

Shekara ashirin da wani abu ke nan. Zafin ƙungiyar bai daɗe ba ya sake ni, amma maganar ta zauna. Na yi aure, na zo Ingila, na haihu. Ni da Inna mun yi hirar komai a waya, ciwon ƙafa, tsadar taki, wa ya mutu, wa ya haihu, ban da wannan. Kullum ina cewa sai na je gida zan durƙusa in ba ta haƙuri, in na je kuma sai bakina ya yi nauyi. Bayan rasuwar Baba, yayana ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa a unguwar Handsworth, a Birmingham. Ba ta daɗe ba mantuwa ta fara cin ta. Yanzu in na shiga ɗakinta sai ta gyara zama ta gaishe ni da ladabi, "Sannu da zuwa, baiwar Allah," irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wata ranar Asabar yayana ya kira ni. Ya ce, "Ke, likita ya ce ba wani sabon magani. Amma kullum da safe sai ta tambayi carer ɗinta, mai kula da ita, ko an jiƙa dawa. Matar nan 'yar Jamaica ce, ina za ta san dawa?" Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ranar Litinin bas ya bi ta kwanar nan, ƙamshin ya shigo, na ce to, ya isa.

Na sayi jar dawa a wani kanti a Stockport Road. Wata matar ɗalibi 'yar Zariya da muke gaisawa ta leƙa kwandona ta ce, "Anti, kunu za a yi ne?" Na ce mata ɗan'uwansa ne, na yi gaba. A Levenshulme, unguwarmu a Manchester, ba tabarma, ba ganye, ba rana. Na baza dawa a tire na rufe da jiƙaƙƙen tawul, na busar da tsiron a kan hitar ɗumama ɗaki, na niƙa a injin markaɗe har ya fara warin ƙuna. 'Ya'yana suna toshe hanci suna tambayata da Turancinsu ko wani abu ya mutu a kicin. Abin mamaki, kaina ya manta awo, amma hannuna bai manta ba. Da aka zo wajen iri kuwa sai na tsaya cak da ludayi a hannu. Duk faɗin Manchester gidan wa zan je da ƙoƙo? Na sa kunya a aljihu na zuba yis na fakiti, irin na burodi.

Ta tashi, ba laifi. Na ɗura a jarka na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Burkutu abu ne mai rai, ba ya son a toshe masa baki, don haka kowace tasha sai na sunkuya na sassauta murfin ya yi huci, Baturen da ke kusa da ni yana kallon jakata yana matsawa. Na isa na zuba wa Inna a kofi. Ta tsoma yatsa, ta ɗanɗana, ta ɗaga ido sama. Rabon da in ga wannan kallo tun ina budurwa. Sai ta yamutsa fuska ta ce, "Wa ya yi wannan? Wuta ta yi, amma ba ta da iri. Giyar marainiya ce." Ta ture kofin.

A jirgi na yi kuka, sannan na gane wautata. Na kai wa matar da ba ta taɓa shan giya ba giya. Ba sha take nema ba, aikin take nema. Mako biyu bayan haka na koma da garin tsiro da babbar tukunya, da ɗan kaurin da na rage daga ta farko. Yayana dattijon coci ne, ya yi ta gunaguni a kan abin da maƙwabta za su ce, amma shi ya ɗauko kujerar Inna ya kawo kicin. Tana ganin garin ta miƙa hannu ta murza. Daga nan ba ta ƙara zama baƙuwa a gidan ba. "Dama da kyau, baiwar Allah, akwai gudaji. Rage wutar. Kar ki zuba yanzu, za ki kashe shi, bari ta huce." Kwana biyu tana ba ni umarni ina bi. Ita ta taɓa gefen tukunyar da bayan hannu ta ce yanzu, ita ta zuba kaurin da kanta. Ranar Lahadi da safe tukunyar tana kumfa tana tsuwa, Inna tana zaune a gabanta tana murmushi, ta ce wannan tata ce.

Da mutanen gida suka tafi coci, na ɗauki ƙaramin kofi na durƙusa a gaban kujerarta. Na ce, "Inna, na zo roƙon iri."

Ta dube ni da kyau, har na sa rai. Ta karɓi kofin, ta sa na karkato mata tukunyar, ta ɗebo daga gindi ta miƙo mini da hannu biyu. Sannan ta ce, "Ina da 'ya kamar ki. Hannunta ya fi naki, ba don ina uwarta ba. Ta yi fushi da ni ta tafi. Duk giyar da na yi sai na rage mata iri, ko za ta zo. In kin gan ta a can wajenku, ki ce ta zo ta ɗiba, ni ban riƙe ta da komai ba."

Na ce, "Inna, ni ce." Ta shafa kaina ta ce in rufe kofin kada ƙuda ya faɗa.

An ce mini yanzu a ƙauyenmu tukwanen da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Samari sun koma kwalba, masu yi ɗin ma yis na fakiti suke saye, ba mai zuwa gidan wani da ƙoƙo, kuma ban san yadda mata suke shiryawa ba in sun yi faɗa. Ni dai tukunyata tana tashi a Levenshulme, ina ba 'yan garinmu biyu-uku da ke nan, ni kuma yatsa kawai nake tsomawa. Ina da irina yanzu, ba na bukatar na kowa. Duk da haka bayan kowane mako biyu nakan hau jirgi da garin tsiro da kofi wayam, mu yi aikinmu, in durƙusa in roƙa. Kullum sai ta ba ni, kullum sai ta ba ni saƙon nan kamar yau ta fara faɗa. Na daina ce mata ni ce. Abin da nake cewa yanzu shi ne, "Na gaya mata, Inna. Ta ce ki yafe mata, tana nan tafe." Sai fuskarta ta washe, ta ce, "To, kar ki kwashe duka, rage mata."