Ajiyar Alhajin Saliyo

Gidanmu na Misfala ba wani gida ba ne. Siriri ne mai hawa uku, matakalarsa ta lotsa a tsakiya saboda takun mutane, banɗakin ƙasa kuwa kullum cikin yoyo yake. Amma idan aka kira salla a Harami, Baba yakan ƙarasa shayinsa, ya yi alwala, ya sa takalmi, ya taka da ƙafa, ya tarar ba a tayar ba. Kakanmu daga ƙasar Kano ya zo da ƙafa, ya zauna a wannan lungu na Makka, a nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni. Ban taɓa jin Baba ya yi alfahari da komai ba sai abu guda: tun da ya yi wayo a Harami yake sallolinsa biyar, kuma ƙafarsa ce take kai shi. Abin da yake roƙon Allah shi ne ya mutu a kan haka.

Sana'arsa saukar alhazai. Da aikin hajji ya matso sai mu tattare a ɗaki ɗaya a sama, ni da Umma da ƙannena, a bar wa baƙi sauran gidan. Akwai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, nan yake adana ajiyar mutane. Alhaji zai ba shi ƙulli ya wuce Mina, ko ma ya koma ƙasarsu sai baɗi, ya dawo ya tarar da ƙullinsa da irin ɗaurin da ya yi masa. Baba ba ya kwance ajiya, ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya karɓar ko kwabo a kanta. Haka ya tarar da mahaifinsa yana yi.

Cikin baƙinmu na kullum akwai wanda muke kira Alhajin Saliyo. Bahaushe ne, kakanninsa fatauci ya kai su can suka zauna. Dogo ne, mai sanyin murya, in yana addu'a hawaye har gemunsa. Yakan kawo mana manja a galan da goro ɗaure cikin ganye. Mun san yana da ɗan kamfanin haƙar daimon, shi da 'yan'uwansa, amma ba mu taɓa ganin alamar daimon a jikinsa ba. Silifas ɗinsa irin na kowa ne. Shekara da shekaru yana sauka wurinmu, har Baba ya daina karɓar kuɗin ɗaki a hannunsa.

Ana nan sai rusau ya iso lungunmu. Wata safiya muka tashi muka ga an yi wa bangonmu jan fenti, kamar yadda aka yi wa na maƙwabta. Aka biya diyya, aka raba tsakanin magadan kakanmu, kuma suna da yawa. Abin da ya zo hannun Baba ba zai sayi ko ɗaki kusa da Harami ba, amma zai biya hayar shiƙƙa, wato ɗan gidan bene, a ƙasan Misfala inda rusau bai kai ba, shekaru masu yawa. Haka aka tsara, haka kuma muka yi. Tafiyar ta ɗan ƙaru, amma Baba bai damu ba, har cewa yake likita ma ya ce ya riƙa motsa ƙafa.

A shekarar ne Alhajin Saliyo ya zo a rame. Ina kai musu shayi na ji yana ba Baba labari. Damina ta cika musu ramin haƙar daimon da ruwa, injin jan ruwan ya mutu, banki na binsu, lasisinsu ya kusa ƙarewa. Leburorinsa ba albashi suke ci ba, shinkafa yake ba su kullum, idan an wanke tsakuwa an samu dutse a raba. To shinkafar ma ta gagara, mutane sun fara watsewa. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne sun kusa isa tsakuwar da ake nema, saura kaɗan, ga ta ƙarƙashin ruwa. Wallahi bai roƙi komai ba, ni shaida ce. Baba ne da kansa, bayan sun dawo daga ɗawafin bankwana, ya ce zai shiga da kuɗinsa, a ci riba tare, a yi asara tare. Ya kira maƙwabta biyu suka shaida.

Ni kuwa bakina ba ya shiru, kowa a gidan ya sani. Da baƙon ya fita na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Baba, ka taɓa ganin ramin nan?"

Ya ce, "Uwata, na ga mutumin." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Na ce, "A ina ka gan shi? Cikin harami ka gan shi, yana kuka a gaban Ɗakin Allah. Waye ba mutumin kirki ba a cikin harami? Kuma ko waliyyi ne, kirkinsa ne zai janye ruwa daga rami?"

Umma ta mintsine ni a hannu har sai da wurin ya yi ja. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce baƙon Allah ya faɗi damuwarsa a gidan maƙwabcin Allah, shi kuma yana da abin yi a hannu, ba zai iya kallon Ka'aba gobe ba idan ya yi kamar bai ji ba. Ya ajiye hayar shekara biyu, sauran duka ya miƙa. Har yau ina ganin wannan kuskure namu ne, mu mutanen Makka masu saukar baƙi. Mukan san mutum shekara ashirin, amma makonnin hajji kawai muka sani, ba mu san gonarsa ba, ba mu san daminarsa ba.

Ranar da zai tafi, Alhaji ya ciro wani ɗan ƙulli na farin ƙyalle daga aljihu. A gabana ya ce, "Maigida, ga ajiya. Dutse ne, mafi kyan abin da ramin ya taɓa ba mu. Ka riƙe mini." Baba ya karɓa da hannu biyu, ya sa a akwatin ƙarfe, ya kulle.

An sayi injin, an janye ruwan, an isa tsakuwar. Aka wanke ta wata da watanni, abin da ya fito ƙananan duwatsu ne da ko kuɗin mai ba su mayar ba. Damina ta sake zuwa, gefen ramin ya rufta. Banki ya kwashe injin. Babu wanda ya cuci wani, kamfanin ne ya mutu, kuɗin Baba ya bi shi. Alhaji bai zo hajji a shekarar ba, bai kuma sake zuwa ba.

Da hayar da aka ajiye ta ƙare, mai shiƙƙar ya ƙara kuɗi, don duk wanda rusau ya kora nan yake nema. Albashina na koyarwa da ɗan abin da ƙannena ke kawowa ba za su kai ba. Na sami Baba na durƙusa, abin da ban saba ba, na ce a kai dutsen nan a sayar, ko a jinginar, mu zauna inda muke, idan Alhaji ya farfaɗo a daidaita.

Ya ce, "Ajiya ya ce."

Na ce, "Kuɗinka fa suna can cikin raminsa."

Ya ce, "Kuɗina na sa a kasuwanci, kasuwanci ya faɗi, ba ya bina ba na binsa. Wannan kuma ajiya ce. Uwata, kada ki sake ɗauko mini maganar nan."

Muka kwashe kaya a bayan ƙaramar mota muka koma Shisha, inda haya ke da sauƙi. Akwatin ƙarfen a kan cinyarsa ya riƙe shi har muka isa.

Shisha unguwa ce mai kyau ga mai mota. Akwai masallaci a ƙarshen layinmu, limaminsa ma yana da daɗin karatu. Amma daga nan zuwa Harami sai tasi, ga duwatsu, ga hanyoyin da aka fasa cikin dutse, ba wurin da tsoho zai taka ba ne. Da farko Baba yana zuwa kullum sau ɗaya, ya wuni can. Kuɗin tasi ya yi nauyi, ya koma Juma'a kawai. Sauran kwanaki sai ya kunna talabijin, tashar da ke nuna Harami, ya zauna yana kallon masu ɗawafi, wani lokaci ya nuna da yatsa ya ce ga ginshiƙin da yake zama. Mutumin da ya saba tafiya sau biyar a rana ya zauna wuri ɗaya. Gwiwoyinsa suka kumbura, ciwon suga ya taso masa, ya fara riƙe sanda.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wayarsu. Alhaji yakan bugo lokaci-lokaci, su daɗe suna gaisawa. Sai na ji Baba yana cewa, "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Muna nan kusa da Ɗaki." Can sai ya ce, "Tana nan yadda ka bar ta." Na san ajiyar ake tambaya. Sau da yawa nakan ji kamar in fizge wayar in faɗa wa mutumin nan inda muke, amma a gidanmu 'ya ba ta tsinka wa mahaifinta magana a gaban baƙo, ko da baƙon a waya yake. In an gama sai in shiga kicin in yi ta buga tukwane, Umma ta ce in bi a hankali, ba tukwanen ne suka yi mini laifi ba.

Daga baya wayar ta ɗauke. Sai wata rana da la'asar aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Wani magidanci ne, dogo, kai a aske, alamar ya gama umara. Tun kafin ya yi magana na gane fuskar. Babban ɗan Alhaji ne. Ya ce mahaifinsa ya rasu watannin baya. Ya je Misfala da kwatancen da aka ba shi ya tarar rusau ya kai can ma, an gina otal, ya yi ta tambaya a shaguna har wani mai sayar da turare ya turo shi nan.

Baba ya yi salati, ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo, ya share ido. Sannan ya ce in jawo akwatin. Ya ciro ƙullin, ƙyallen ya yi rawaya amma ɗaurin na nan, ya miƙa wa ɗan ya ce, "Ga ajiyar mahaifinka. Na sauke."

Mutumin bai karɓa ba. Ya dubi ƙullin, ya dubi ɗakin, ya dubi sandar da ke jingine da kujera. Ya ce, "Baba, yaushe kuka bar Misfala?" Aka faɗa masa. Ya sunkuyar da kai.

Da ya ɗago ya ce dutsen ba na gado ba ne, na Baba ne. Mahaifinsa ya faɗa musu tun ranar da ya koma gida. 'Yan'uwan Alhaji ne suka ba shi ya taho da shi ya sayar a zuba a rami, amma da Baba ya miƙa kuɗinsa sai ya fasa, ya riƙe shi a matsayin kasonsa, ya ce mutumin da ya ba shi kuɗin matsuguninsa ba zai bar shi hannu wofi ba. Ya bar shi ne don idan abu ya lalace Baba ya sayar ya riƙe gidansa. Amma ya san idan ya ce jingina ce, Baba zai ji an raina amanarsa ya ƙi karɓa, shi ya sa ya ce ajiya, yana zaton idan ta ɓaci za a gane. Duk sanda ya bugo ya tambayi ajiyar, jira yake a ce masa an taɓa ta. Da ya ji tana nan, kuma ana kusa da Ɗaki, sai ya gode wa Allah cewa asarar ba ta girgiza amininsa ba. Da wannan kwanciyar hankalin ya mutu.

Na so in yi magana, bakina ya cika, amma babu wanda zan yi wa faɗan. Baba ya juya ƙullin a tafin hannunsa ya ce, "Ya san ni. Da ya ce jingina ce, da ban karɓa ba."

Ɗan ne ya kwance shi. Wani ɗan dutse ne kamar ƙwayar masara, dishi-dishi, da a hanya na gan shi da ko sunkuyawa ba zan yi ba. Ya zo da takardun dutsen, ya kai shi Jidda, ya dawo da kuɗin cif, ya ƙi karɓar ko na mota. Ba dukiya ba ce, amma ta isa haya ta wasu shekaru. Na bi Misfala lungu-lungu har na samu ɗaki biyu a wani tsohon bene, ba nisa da inda muka taɓa zama.

Ranar da muka tare, da aka kusa azahar, Baba ya ce a kawo masa takalmansa. Ya yi alwala, ya sa farar riga, ya ɗauki sanda, ya ce kada wanda ya riƙe shi. Na bi shi a baya. Ya fita ƙofar gida, ya wuce shagon mai wanki, kafin ya kai kwanar layi ya tsaya, ya dafa bango, ya zauna a kan dakalin wani shago. Mutane suna ta wuce shi, kowa da darduma a kafaɗa. Ya daɗe yana kallon hanyar. Sannan ya ce, "Uwata, kama ni mu koma."

Bai sake gwadawa ba. Juma'a muke tura shi a keken marasa lafiya, ba ya so, amma yana haƙuri. Gadonsa muka matsar kusa da taga. Watannin da suka rage masa, duk sanda lokacin salla ya gabato sai ya ce a kashe talabijin, a kashe na'urar sanyi, a buɗe taga, komai zafin rana. Daga nan kiran sallar Harami yana shigowa da kansa. Yakan amsa wa ladan har ƙarshe, sannan ya yi sallarsa a zaune, takalmansa na ajiye a bakin ƙofa.